Muryar Baba da Katin Nassirou

Wadda ta shigo nan don ta yi dariya, gara ta wuce wani shafin, yau ba ni da ita. Sau nawa ina ɗaukar salula in rubuta layi biyu in goge. To amma na saba faɗa muku gaskiya ko da a kaina za ta faɗo, kuma abin da ya faru ranar Alhamis ɗin nan ya hana ni sakat.

Ga waɗanda yau suka fara haɗuwa da ni, sunana Raliya, autar Inna Huraira, a nan Dungas. Shekarata ashirin da shida. Na yi karatun ordinater, wato kwamfuta, a Damagaram, na dawo gida da difilom ɗina, yanzu ni ce mai kula da na'urori a Muryar Kalgo, ƙaramin gidan rediyon garinmu mai ɗaki uku da dogon ƙarfe a tsakar gida. A wannan gidan ne Babana, Malam Mainassara, ya yi shekara goma sha huɗu yana gabatar da shirin manoma, kafin Allah Ya karɓi abinSa damina biyu da suka wuce.

Baba ba mai zaman situdiyo ba ne. Zai ɗaure ƙaramar rakodarsa a bayan moto, wato babur, ya nufi Dogo-Dogo ko Yekuwa, ya zauna gindin bishiya da tsofaffi, su yi ta hirar irin gero na da, da yadda ake gane wurin da rijiya za ta yi ruwa, da inda burtalin shanu ya bi kafin gonaki su matse shi. In ya dawo ya haɗa shiri. Kuma duk shirin da zai rufe, da magana ɗaya yake rufewa: "Gaisuwa ga mai tuwon da ke jirana." Duk garin nan an san da wa yake. Inna kan ja mayafi ta rufe fuska ta ce mutumin nan ba ya jin kunya, amma ban taɓa ganin ta kashe rediyon ba sai ya faɗa.

Duk shirye-shiryen nan suna cikin diski guda ɗaya, a cikin tsohuwar ordinatar situdiyo. Guda ɗaya tak, ba kwafi a ko'ina.

Na san me za ku ce. Ke da kike ma'aikaciyar wurin, shekara biyu me kike jira? Ku faɗa, na cancanta. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Kullum ina ganin jakar da aka rubuta wa sunansa a kan ekaran, wato fuskar na'urar, in kewaye ta kamar mai kewaye kabari. Na san in na buɗe zan ji shi yana gyaran murya, ni kuwa ban shirya ba. Sai in ce gobe, goben ta zo in sake cewa gobe.

Inna ma haka. Tun da ta fita takaba ba a sake kunna rediyo a ɗakinta ba. Sai makon jiya, ina tsefe mata kai a ƙofar ɗaki, ta ce ba tare da ta juyo ba, "Auta, abin nan da Malam yake faɗa in zai rufe, yana nan wurinku?"

Hannuna ya tsaya cak a cikin gashinta. Na ce, "Yana nan, Inna."

"Na fara manta yadda muryarsa take," in ji ta. "Fuskar ina gani. Muryar ce ke ɓace mini. Ki kawo mini in ji ko sau ɗaya."

Na ce mata Alhamis in sha Allahu. Na yi alkawari da bakina.

Washegari na shiga situdiyo na ji diskin yana wani ƙas, ƙas, ƙas a hankali. Duk wanda ya yi aikinmu ya san wannan ƙarar, ban kwana ce diski yake yi. Zai iya kai wata, zai iya mutuwa a kunnawa ta gaba. Na sami darektanmu Mushe Laminu, wato Malam Laminu a irin Faransancinmu, abokin Baba tun suna samari, na ce masa dole a kwashe komai zuwa sabon wuri. Kuma ba diski ɗaya nake so ba, biyu nake so, da wani kati da ake sokawa cikin ordinater ya riƙe su tare, duk abin da aka rubuta a ɗaya ya rubuta a ɗayan, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. Mushe Laminu ya shafa gemu ya ce ra'ayi mai kyau, amma irin wannan katin na tsohuwar na'ura ko a Damagaram da wuya a same shi.

A nan Nassirou ya shigo labarin.

Nassirou mai gyaran salula ne a Magaria, rumfarsa na kusa da tasha. Shekara guda ke nan yana zuwa wurina zance. Dogo ne, baƙi, mai fara'a, hannunsa a buɗe, kuma ba zan ɓoye muku ba, in na ji ƙarar motonsa a ƙofar gida gabana yakan faɗi. Kowa a gidanmu yana son sa. Gwaggo Ƙande, ƙanwar Baba, wadda tun rasuwarsa ta ɗauki maganar aurena ta ɗora a kanta, ita kam har ta gama zaɓen atamfar anko a ranta.

"Me kike jira, Raliya?" Haka take tare ni kullum. "Yaro da sana'arsa, da ladabinsa, ga shi bai ce ki bar aikin ƙarafunanki ba. Sa'anninki kowace da goyo. So kike sai kin yi furfura a gaban wannan akwatin?"

"Gwaggo, ban ce ba na so ba."

"To me kika ce? Ba ki ce komai ba, shi ne ciwon."

Abin da na kasa faɗa wa Gwaggo ƙarami ne, in na faɗa dariya za ta yi. Nassirou ba ya bari a gama magana. Kina tsakiyar zance zai ce, "Na gane, na gane," ya ƙarasa miki da abin da ba shi kike nufi ba. Ba da mugunta yake yi ba, zumuɗin taimako ne ke cin sa. Na sha gaya wa kaina wannan ai ba aibi ba ne da zai hana aure. Da wannan lallashin kai na amince, aka sa ranar Juma'a manyansa za su zo gaisuwa.

Da na ba shi labarin katin a salula, ban kai ƙarshe ba ya ce, "Na gane. Gobe ina shiga Kano sayen kaya, turo mini hoton." Ranar Laraba sai ga shi da kwali a ɗaure bayan moto: katin a cikin leda mai ƙyalli, da faifan shigar da shi, da diski biyu na hannu masu lafiya, girmansu ɗaya da tsohon namu, har kamarsu ɗaya. Ya ce kyauta ce, don Baba. Wallahi a ranar na ji ina son sa har cikin raina. Gwaggo kuwa ta rangaɗa guɗa a tsakar gida, wai ita ba ta taɓa ganin saurayin da ya yi toshi da ƙarfe ba.

Ranar Alhamis na saka atamfata ruwan toka da ƙaramin hijabi baƙi wanda ba ya shiga cikin na'ura, na cire zobe da awarwaro, na ɗauki turnabis ɗina na kwance kusoshi. Inna na zaune kan tabarma tana tsince wake. Ta bi ni da kallo har zaure.

Muna rufe tasha da sha biyu, mu buɗe ƙarfe huɗu. Kwashe kayan zai ci wajen awa bakwai, batiran panno ɗinmu masu aiki da hasken rana kuwa ba sa kai ko'ina bayan rana ta faɗi. Ke nan dole kwafin ya ci gaba ana cikin watsa shiri, sabon katin da katin sauti su yi aiki tare a lokaci ɗaya. Mushe Laminu ya ce in yi abin da zan yi, amma ƙarfe huɗu akwai sanarwar rigakafin dabbobi da makiyaya ke jira. Ya ja ƙofa ya tafi gida cin abinci.

Na zare waya daga bango, na buɗe murfin, na hure ƙurar da ta yi kauri kamar auduga. Na soka katin a gurbin da ke kusa da katin sauti, na ɗaura sababbin diski biyu a bakinsa na ɗaya da na biyu. Tsohon diskin na bar shi inda yake, a haɗe da babban allon na'urar. Ku riƙe wannan, nan ne kuskurena.

Na kunna. Na'urar ta ga katin, na sa faifai, komai ya shiga lafiya. Na umarci katin ya haɗa sababbin biyu su zama tagwaye. Ban yarda na fara kwafi ba sai na gwada sauti tukuna. Sai na tsinci hannuna ya kai kan jakar Baba. Na buɗe, karo na farko a shekara biyu. Ɗaruruwan shirye-shirye a jere, kowane da kwanan watansa. Na zaɓi mafi ƙanƙanta a cikinsu, wanda ko suna ba shi da shi, na tura shi cikin salulata ta waya, da niyyar in fara ji ni kaɗai a kunne. Sai kuma na ce kai, Raliya, daure. Na danna shi a sifikar situdiyo.

"Ana ji na? Laminu, ana ji, ji, ji, ji, ji..."

Muryar ta maƙale tana maimaita kanta, linzami ya daskare, komai ya tsaya. Na toshe kunne na zare wayar. Na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata, ban san na muryar ba ne ko na tsoro.

Da na share fuska na sake kunnawa, na shiga jerin kayan da ke cikin na'urar. Nan na ga abin. Bari in yi muku bayani a sauƙaƙe. Kowane kati a cikin ordinater yana da lambar da yake kiran ƙwaƙwalwar na'urar da ita in yana da buƙata, kamar igiya ce yake ja, ta bar abin da take yi ta juyo gare shi. A lekol, wato makaranta, IRQ muke ce mata. Lambobin goma sha shida ne kacal, fiye da rabi kuma na'urar ta riƙe wa kanta. Na'urorin yanzu sun iya raba igiya ɗaya ga kati biyu ba rigima. Tamu tsohuwa ce, katin sautinmu ma ya girme ta, kuma shi kaɗai ke shiga tebur ɗin situdiyo, ba mu da madadinsa. Shi ba ya raba igiyarsa da kowa. To ga shi a kan lamba sha ɗaya, ga katin Nassirou shi ma a kan sha ɗaya. In suka ja tare, ƙwaƙwalwar ta rasa wa za ta amsa wa, sai ta sandare.

Na kashe, na zare waya, na mayar da katin gurbi na huɗu. Sha ɗaya dai. Ashe waɗannan guraben biyu layinsu ɗaya tun daga masana'anta. Na mayar da shi gurbin ƙarshe, can ƙasa. Ya koma lamba goma, amma ya tarar da bakin kile, inda ake soka linzami, a wurin, linzami ya fara tsalle. Gumi ya jiƙa mini hijabi, bantilater na juyawa amma iska mai zafi yake turowa. Duk kunnawa ɗaya kuma sai na ji ƙas, ƙas ɗin nan.

Sai na shiga shuɗin shafin farko, wanda ke fitowa kafin na'ura ta gama tashi, inda ake ba ta umarni da hannu. Na kashe bakin na'urar buga takarda, tunda rabonmu da ita tun ina lekol, da wasu tsofaffin bakuna biyu da ba a amfani da su. Lambobi suka samu sarari. Na ba gurbin ƙarshe lamba biyar shi kaɗai, na bar wa katin sauti sha ɗayarsa. Na'ura ta tashi. Na sa kiɗan buɗe tasha, na sa katin yana rubutu a sababbin diski a lokaci guda. Minti biyar, sumul. Na ɗaga hannu sama na ce Alhamdu lillahi.

Na kashe, na zare waya don in ɗaure katin da kusa yadda ba zai motsa ba. Da na mayar na kunna, komai ya koma yadda yake da, rikicin ya dawo sabo. Na duba agogon na'urar, sai na ga ta koma wata shekara da ko lekol ban shiga ba. Sai a lokacin na gane. Akwai ɗan batir mai kamar kwabo a kan allon, shi ke riƙe mata umarni in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki. Ya mutu, Allah kaɗai Ya san tun yaushe. Ba a lura ba don ba wanda ya taɓa canza mata komai. In ban sa sabo ba, duk ranar da kuran ya ɗauke gyarana ya tafi.

Ina cire shi da farce na ji sallama. Nassirou ne, cikin shadda ruwan ƙasa mai sabon guga, hula a karkace, ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa. Leda biyu a hannunsa, balangu da bisap, wato zoɓo, mai sanyi.

"Madam injiniya, an ci abinci kuwa? Na san ba a ci ba."

"Nassirou, ka zo a daidai. Batir nake nema irin wannan, sai wurin mai gyaran agogo a kasuwa."

"Kawo in je."

Da na ba shi! Amma akwai masu kama da shi da ba su kai shi kauri ba, na ji tsoron ya kawo wanda ba shi ba mu yi asarar lokaci. Na ce ya zauna ya tsare mini ɗakin, tunda na'urar a buɗe take kuma ba na so in kulle ta cikin zafi.

"Matsalar ba ta diski ba ce," na fara yi masa bayani, "katin nan biyu ne suke..."

"Na gane, na gane. Suna rigima."

"Eh, amma na riga na samo bakin zaren. Don Allah kar ka taɓa komai. Kar ka kunna ma."

Ya yi dariya ya dafa ƙirji. "Haba Raliya, ni da nake buɗe cikin salula talatin a wuni? Je ki, ki dawo ki ci naman nan da zafinsa."

A bakin ƙofa na tsaya na waiwaya. Zuciyata ta ce mini, zare tsohon diskin ki jefa a jaka. Kusa huɗu ne kawai da waya biyu. Sai na ga kamar zan nuna masa ban yarda da shi ba, ga shi gobe manyansa za su zo, ga shi shi ya kawo kayan. Kunya ta hana ni. Na fita na tare kabu-kabu.

Ranar kasuwa ce, amalanke da jakuna sun cushe hanya. Da na isa, mai agogo ya tafi sallar azahar, ya rufe teburinsa da buhu. Na yi tawa sallar a rumfar wata mai goro, na dawo na tsaya. Minti ashirin da na yi tsammani ya zama kusan awa guda. Mai agogon na dawowa ya miƙo mini batir ɗin, sai salulata ta yi ƙara. Saƙon Nassirou ne.

"Na ga matsalar. Wayar tsohon diskin ta tsufa, kuma a tsohon wuri kika bar shi."

Wani ya biyo baya. "Na mayar da shi kan sabon katin. Ya karɓa nan take."

Sai na uku, da alamar dariya. "Har ya fara kwafi. Ki zo ki biya ni ladan aiki." Da hoto a ƙasa: shuɗin ekaran, da dogon layi yana cika daga hagu.

Ban san yadda na hau moton ba. Ina kiran sa layi na katsewa, na yi masa bokal, saƙon murya, ina ihu ya zare waya, bai buɗe ba, ashe ya ajiye salular yana wanke hannu ya jera mana nama. Takalmina ɗaya ya faɗi a hanya ban tsaya ba.

Na faɗa ɗakin. Yana tsaye yana murmushi. A kan ekaran, sittin da huɗu cikin ɗari. Na fizge wayar daga bango har filogin ya tsage.

"Ke! Lafiya? Za ki ɓata aikin!"

"Me ka cire? Nassirou, me ka cire ka sa me?"

"Bakin katin biyu ne, duk a cike. Na cire sabo na biyun na sa tsohon. Da na kunna ya yi wata tambaya da Ingilishi, na ce masa eh."

"Ka karanta tambayar?"

"Raliya, ai duk ɗaya ne da salula. In ta tambaya ka ce eh, eh, ta wuce. Kullum haka muke yi."

Na zauna a kujerar Baba. Na yi masa bayani da wata murya da ban san tawa ba ce. Katin ya san yana da tagwaye biyu. Da ya tashi ya ga na biyu ya ɓace, ga wani baƙo a madadinsa, sai ya ɗauka sabo ne aka kawo don maye gurbi. Tambayar da ya yi ita ce, in shafe wannan in mayar da shi irin na farko? Na farkon kuwa fanko ne, ba komai a cikinsa. Ba daga tsohon yake kwafa ba, shi ya sa ya yi saurin nan. Fankon yake zubawa a kan Baba, tun daga farkon diskin, inda kuma jakar Baba take tunda ita aka fara zubawa.

Wannan karon bai ce ya gane ba. Ya bar ni na kai ƙarshe. Murmushin ya zame daga fuskarsa a hankali, ya cire hula, ya durƙusa a gaban na'urar.

"Amma ai ana dawo da su. Ko hotunan salula in an goge..."

"Gogewa daban, rubutu a kai daban."

"Wallahi taimakonki na yi niyya. Na ga kin gaji, na ga idonki ya kumbura."

"Na sani," na ce. Kuma na sani ɗin, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Da mugu ne da na samu wanda zan tsana in huta.

Na roƙe shi ya tafi. Ya tsaya a ƙofa yana share ido da hannun riga, namiji guda, sannan na ji tashin motonsa.

Abin da ya rage ban ma so in rubuta. Na cire tsohon diskin na naɗe a hijabin sallata. Na mayar da sabon a bakinsa, na sa batir, na shiga shuɗin shafi na raba lambobin, biyar da sha ɗaya. Minti goma bai cika ba. Na zare waya na mayar sau uku, gyaran bai motsa ba. Na'urar ta yi lafiyar da ba ta taɓa yi ba, ga tagwayen diski masu kyau, ba abin da za a zuba musu. Na haɗa tsohon sau ɗaya in gani. Na'urar ta ce wannan diski ba komai a cikinsa, ko ina so ta shirya shi? Na ce a'a, na sake cire shi.

Mushe Laminu ya dawo huɗu saura. Da na faɗa masa, ya yi salati ya nemi bango ya jingina. Sannan ya ce akwai wani tsohon malamina a Damagaram, ko zai iya tsamo wani abu daga kashin da bai shafu ba. Na ce wataƙila. Mu duka mun san abin da ke can ƙarshen diskin sanarwowin bana ne da kiɗan talla. Ƙarfe huɗu daidai ya zauna ya karanta sanarwar rigakafi, muryarsa na rawa, sautin kuwa tas.

A ƙafa na koma gida, takalmi ɗaya a hannu. Ina kusa da ƙofa saƙo ya shigo.

"Raliya ki yafe mini. Don girman Allah kar ki faɗa a gida ni ne, sai bayan gobe. In Gwaggo da Inna suka ji, shi ke nan. Ki ce diskin ne ya mutu da kansa, ai dama yana mutuwa."

Na karanta sau uku. Gaskiya ne dama yana mutuwa, kuma ba wanda zai ƙaryata ni. Na jefa salular a jaka.

Tsakar gida ƙamshin mai ya cika ko'ina. Gwaggo Ƙande ta ɗaura zani a ƙirji tana suyar dubulan na baƙin gobe, an jera alkaki a faranti, an wanke manyan tabarmi an shanya a katanga.

"Amarya ta dawo! Ina angon? Ya ce mini wurinki zai biya. Ke, ina takalminki?"

"Ya tsinke, Gwaggo."

"Maza shiga, uwarki tun la'asar take tambayar ki. Ban san me ya same ta ba yau."

Na ɗaga labulen ɗakin Inna. Ta yi wanka, ta sa kwalli. Atamfar nan mai ganyen shuɗi ce a jikinta, wadda Baba ya sayo mata a sallarsa ta ƙarshe, tun rasuwarsa take ƙasan akwati, har layin ninki na nan a kanta. Ta kunna turaren wuta. A kan cinyarta ga ƙaramar rediyon Baba, ta goge ta tas, ko da yake na gaya mata a salula zan kawo. Ta matsa mini wuri a bakin gado.

"Kin kawo, Auta?"

Ƙaryar Nassirou na gefe ɗaya, gaskiya na gefe ɗaya, na kasa ɗaukar ko ɗaya. Sai na tuna ɗan guntun da na tura a salulata. Ban ma ji ƙarshensa ba. Na zauna, na ƙara sauti, na danna.

Aka ji ƙarar kujera, aka ji gyaran murya.

"Ana ji na? Laminu, ana ji na? Ɗaya, biyu. Ƙara kaɗan. To, ana ji na yanzu?"

Inna ta rufe ido. Hannunta ya damƙe rediyon. A hankali, kamar yana zaune a ƙofar ɗakin, ta ce, "Ana jin ka, Malam."

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Madalla, mu fara." Sai shiru. Daƙiƙa arba'in ne duka, layin ya kai ƙarshe ya tsaya.

Hawaye na bin kuncinta amma murmushi take yi. Ta goge da bakin mayafi, ta gyara zama, ta juyo da kunnenta wajen salular. A waje Gwaggo na ƙwala mini kira in zo in gwada zanin gobe, salular kuma ta fara rawa a hannuna da sunan Nassirou.

"Kashe kiran nan," in ji Inna. "Ya ce mu fara. Sa mini sauran, Auta, har inda yake gaishe ni."